Jimmy Cliff da wayar ɗan ƙanwata



A ƙarshen watan Nuwamban 2025 na ji a rediyo cewa Jimmy Cliff, mawaƙin nan na ƙasar Jamaika, ya rasu ranar 24 ga wata yana da shekara 81. Labarin ya zo a mummunan lokaci, domin kwana uku kafin nan aka kwashe ɗaruruwan 'yan makaranta a Papiri ta ƙaramar hukumar Agwara, can ƙetaren ruwa, har gwamnatin jiha ta rufe makarantu. Wa ke da natsuwar zancen mawaƙi? Amma ni na kasa fitar da shi daga raina.

Mahaifina daga wajen Argungu ya zo nan bayan an gama madatsar Kainji a 1968, yana sayen busasshen kifi yana kaiwa kudu. A nan aka haife ni, da yaran Kambari na yi wasan ƙasa, amma har gobe wani kan tuna mini cewa mu zuwa muka yi, in kuma muka je Argungu biki sai a ce ga mutanen Auna sun iso. Direban da ke ɗaukar mana kifin ne ya kawo kaset ɗin Cliff muna samari. Ba ma jin Turancin, sai wani malamin firamare ya fassara mana sunan waƙa ɗaya, Many Rivers to Cross, wato koguna da yawa na gaban mutum da zai ƙetare. To wanda ya tashi tsakanin kogin Kontagora da tafkin Kainji, ya san kuɗin fito, ya san jirgi na kifewa, ai ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Daga baya na san tarihinsa. Sunansa na yanka James Chambers, ɗan tela ne, an haife shi a ƙauye a 1944. Yana da shekara 14 ya shiga Kingston, babban birnin ƙasar, ya je shagon wani ɗan kasuwa mai suna Leslie Kong ya lallashe shi har ya yarda ya naɗi muryarsa, ya yi suna a 1962. A shekarar ce kuma ya taimaka wa wani yaro mai aikin walda ya samu shiga wajen Kong ɗin. Yaron shi ne Bob Marley. A 1965 ya koma Ingila, ya sha wahalar baƙunta da wariyar launin fata, kuma daga wannan zaman ne waƙar kogunan ta fito a 1969. Ya zo Najeriya a 1974, jama'a suka yi masa gagarumar tarba, amma a Ikko aka tsare shi na 'yan kwanaki kan rigimar kwangila kafin a sallame shi.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne fim ɗinsa na 1972, The Harder They Come. Ya fito a matsayin Ivan, ɗan ƙauye da ya zo birni zai yi waƙa. Mai kamfanin faifai ya saye waƙarsa dala 20, yaro ya fusata, ya shiga fataucin wiwi, ya ɗauki bindiga, aka harbe shi a bakin teku. Ku duba fa, farkon Ivan da farkon Cliff ɗaya ne: ƙauye, talauci, birni, ƙwarar masu kuɗi. Ɗaya ya mutu da ƙuruciya, ɗaya ya ga tsufa da kyautar Grammy biyu, ta 1986 da ta 2013.

To a makonnin da yara ke zaune gida, sai ƙanwata ta aiko mini cewa maigidanta ya ƙwace wayar ɗansu, ɗan shekara 17, saboda ya kama shi yana naɗar waƙa da abokansa. Na same shi bayan la'asar. Ya ce, "Yaya, a zuri'armu babu maroƙi, kuma ba daga kaina za a fara ba."

Ban ga laifinsa ba, ni ma wasu waƙoƙin da yaran yanzu ke sakawa ba na iya jin su gaban 'ya'yana. Amma na tambaye shi, yaron da babu makaranta, babu jari, ka kuma hana shi abu ɗaya da ke riƙe shi a zauren gida, ina kake so ya nufa? Dukkanmu mun san samarin da suka tafi ramin haƙar zinariya suka dawo da ƙwaya, mun san waɗanda daji ya haɗiye ba a ma faɗin sunansu da ƙarfi. Na tuna masa yadda Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, ya ba shi daraja a idon mutane. Wannan roƙo ne?

Muka daɗe. A ƙarshe ya mayar da wayar bisa sharaɗi uku: ba batsa, ba wasa ɗan siyasa don kuɗi, kuma karatu na gaba da komai.

Da na ba yaron labarin Ivan, tambaya ɗaya ya yi mini: "Kawu, shi Cliff ɗin da aka ƙware shi, me ya yi?" Na ce ya sake rubuta wata waƙar.

Kwanaki ya kawo mini tasa in ji. A kan masu fito ya yi ta, baitocin da Hausa, amshin kuma wani abokinsa ya yi da Kambarci. Gaskiya muryar ba ta nuna ba tukuna, kiɗan ma ya fi ƙarfinta, na kuma gaya masa haka. Mahaifinsa ya ce shi bai saurara ba, sai dai ƙanwata ta ce ta ji yana tambayar yaron ma'anar amshin.