Zafin Bazara da Gumin Damina a Kan Takarda Ɗaya

Bahaushe bai taɓa ɗaukar zafi a matsayin abu guda ba. Akwai zafin bazara mai busar da leɓe, akwai kuma gumin damina, wanda mutum zai zauna a inuwa amma taguwa ta manne masa a baya. Wannan bambanci shi ne masana gini suka zana a jadawalin zafi da laimar iska, wanda wani injiniya Ba'amurke, Willis Carrier, ya tsara a farkon ƙarni na 20. A kwance an jera digirin zafi, a tsaye kuwa yawan tururin ruwan da iska ke ɗauke da shi, ta yadda kowace sa'a ta shekara za ta zama ɗigo ɗaya. A 1969 Baruch Givoni ya shata iyakoki a bisansa, ya nuna inda jiki ke sakewa, da kuma dabarar da za ta mayar da ɗaki can in ɗigon ya kauce.

Mai karatu ya ɗora watannin Kano a kai ya gani. Maris da Afrilu sukan faɗa gefen zafi mai tsanani da ƙarancin laima. Maganin da jadawalin ya bayar a nan iri biyu ne: bango mai kauri wanda zai shanye zafin rana ya sake shi da dare, da kuma ruwan da zai bi iska ya tafi da zafi. Wato dai soron tubali da azara, da randa, da yayyafin da iyayenmu mata ke yi wa tsakar gida da la'asar. Rufin kwano marar silin kuwa ba shi da mazauni a wannan gefe, ko da yake shi muke rububi.

Sai dai abin da ya fi burge ni shi ne jadawalin ba ya yi wa kowa kara. A Agusta ɗigon yakan haura sama, iska ta ƙoshi da ruwa, randa ta rage sanyaya ruwa, yayyafi kuma ya ƙara gumi. Abin bukata a lokacin shi ne iska mai ratsa ɗaki, wato tagogi masu fuskantar juna, kuma a nan 'yar ƙaramar tagar soronmu ta gaza. Saboda haka maginin Kano yana bukatar kaurin bangon kakanninsa, tare da taga mai faɗi wadda za a rufe da rana a bazara, a buɗe ta dare da rana a damina.