Ruwan Sama a Kan Gadar Ohashi

Yau mun leƙa birnin Tokyo na Japan, zamanin da ake kiransa Edo. Jagoranmu hoton Hiroshige ne na 1857, wanda aka sassaƙa a katako aka buga a takarda.

Ruwa ya tsuge a kan gadar da ta haye kogin Sumida. Siraran layuka ne kawai a karkace, suna gittar juna, amma har sanyinsu muke ji. Gadar ta ratsa hoton a jirge, masu wucewa sun duƙa suna sauri. Can tsakiyar kogi wani na tura gungumen itace shi kaɗai, ba mafaka. Tsallake ya dushe, sama ta yi baƙi ƙirin.

In za mu zana damina, mu fara da layi kafin launi.