Tsagar Bindiga: Yadda Dattawan Zongo Ke Gane Shekarun Ƙarfe

A Zongon Kumasi na da, ba kowane gida ke da bindiga ba, domin mu jikokin fataken goro ne da mahauta da dillalan shanu. Amma duk wanda Allah ya mallaka wa ita, riƙon dukiya yake yi mata. Mai gonar koko a ƙauye, da mai gadin sito, da tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Bama ya kama farautar gada da gyazbi, kowa na da tasa a rataye bayan ƙofar turaka, an toshe bakinta da tsumma don kada zanzaro ya yi gida. Sai ranar rabon gado ake sauko da ita, don dole a yi mata kuɗi kafin malamai su raba. A nan ne ake aikawa a kira masana.

Masanan nan maƙera ne da tsofaffin mafarauta na Aboabo da Sabon Zongo. Yawancinsu ba su yi boko ba, amma ba a yi musu rufa-ido. Ƙota ba ta dame su ba, don sun san gara ta ci ta asali, kafinta ya sassaƙa wata. Kunama ma wani maƙeri ya sha canza ta. Bututun kaɗai suke yarda da shi, saboda a jikinsa masu gwaji na Turai suka buga hatimi. Yadda dattijon Zongo ke duban tsagar fuska ya ce wannan Bagobiri ne, wancan Bamoshe, haka suke duban waɗannan alamomi.

Ina tuna wani tsohon maƙeri da ake kawo wa irin wannan aiki. Zai shimfiɗa buhu, ya cire katakon gaba, ya kifa bututun a cinya, ya ce, "Yaro, miƙo min toka da lemun tsami." Ya dirje tsatsar a hankali, ya goga alli, ya hure. Sai ka ga ƙananan zane sun fito fari fat. In ya ga ƙwai da baƙaƙe uku a ciki, ya ce, "Alhaji, wannan 'yar Beljiyam ce." In kuwa sanduna biyu ne a gicciye da kambi a sama, sai ya gyara zama ya ce, "Ta Ingila ce, kuma ta girmi mahaifinka."

Shi da zamanin sarakuna yake lissafi: kafin a kama Sarkin Asante Prempeh, bayan dawowarsa, lokacin yaƙin Hitila, zamanin Nkrumah. Abin mamaki, lissafinsa bai cika yin nisa da na littafi ba. Gidan gwajin bindiga na Birmingham an kafa shi a 1813, kuma sandunan nan na gicciye su ne hatiminsa har 1904. Daga nan aka koma buga BP da BV ƙarƙashin kambi, a 1954 kuma BNP ya maye gurbinsu. Ƙwan nan mai ELG na birnin Liège na Beljiyam ne, in an ɗora masa kambi to bindigar ba ta riga 1893 ba. Bututun Ingila da aka rubuta wa NOT FOR BALL ya fito tsakanin 1875 da 1887, wato gargaɗi ne cewa an tsuke bakinsa, kada a ɗura masa dunƙulen dalma. Lamba 12 kuwa faɗin rami take nufi: ƙwallon dalma 12 masu cika ramin su ne nauyin laba ɗaya.

Tsofaffin cikin bindigogin su ne dogayen nan masu ƙanƙara, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Turawan Denmak da Holan da Ingila ne suka riƙa sayar da su a Osu da Elmina da Cape Coast, da su kuma Tonawa, wato Asante, suka kafa mulki. Sarakunan Asante ba sa barin bindiga da albarushi su wuce arewa yadda aka ga dama, saboda haka kakanninmu goro suke ɗauka daga Salaga, ba makami ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ƙara ɗaure lamarin, ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙanƙara. Shi ya sa mai baki biyu, wadda ake karyawa a sa harsashi, ta daɗe tana zama abin alfahari, sai sarki ko attajirin da ya samu lasin. Bayan samun 'yanci a 1957, Baikal ta Rasha mai baki ɗaya ta yawaita a hannun manoma. Ita ba ta da wuyar ganewa: in an rubuta USSR, an ƙera ta kafin tarayyar ta rushe a ƙarshen 1991.

Bayan ido, sai kunne. Tsohon zai rataye bututun mai baki biyu da igiya, ya ƙwanƙwasa da farce. In ya yi ƙara ƙwal, haɗin lafiya lau. In ya yi dum, to dalmar da ta manne su ta saki. Sannan ya ɗaga shi saitin rana, ya rufe ido ɗaya, yana neman rami ko kumburi. Akwai masu zanen murɗe-murɗe a jiki, waɗanda aka nannaɗe ƙarfe iri biyu aka ƙera. Su yakan shafa su da sha'awa, amma ya ce, "Kada wanda ya sa mata harsashin yanzu, ta baƙin albarushi ce." Ta gida kuwa, wadda aka yi da famfon ruwa ko sandar sitiyarin mota, ko an kwaikwayi hatimi, kallo ɗaya yake yi mata ya tura gefe.

Yau maƙeran sun ƙare, jikokinsu suna Suame Magazine suna gyaran injin mota. Daji ya ja baya, doka ta rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, lasin kuma sai an sabunta kowace shekara wurin 'yan sanda. Da yawa daga bindigogin nan 'yan gwangwan sun saye su a kan nauyi. Wanda ya gaji ɗaya, ya fara daidaita takardunta, ya bar batun harbi, ya goge gindin bututun ya kwafe abin da ya gani a takarda. In yana son ganin 'yan uwanta, gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Kumasi yana nan a Adum, tafiyar ƙafa ce daga Kejetia.