Daga Hala Zuwa Evil Spirit

A Suleja, inda na taso, ba a cika kiran Honda Accord da sunanta ba. Kowace ƙira da laƙabinta: ta 1990 Hala, ta 1994 Bulldog, ta 1998 Baby Boy, ta 2003 End of Discussion, sai ta 2008 Evil Spirit. A matsayina na ɗalibin Hausa, na lura cewa Hala ce ta fi zama a bakin Bahaushe, sauran da Turancinsu suka zo.

Ta fuskar gudu, sababbin sun yi wa tsofaffin fintinkau. Injin Hala lita 2.2 ne, ƙarfinsa kamar na doki 130. End of Discussion mai silinda 6 kuwa lita 3 ce, ƙarfin doki 240. A kan titin Abuja zuwa Kaduna, kafin mai Hala ya wuce Dutsen Zuma ta ɓace masa.

Amma kawuna, wanda da kanikanci ya biya mini kuɗin makaranta, yakan gane ciwon Hala daga ƙarar injinta. Sababbin sai an jona musu kwamfuta, shi kuma bai koya ba, don haka masu kawo gyara suna ta raguwa. Ga kuma tsadar fetur tun janye tallafi a 2023, wadda ta sa mai silinda 6 ta zama kaya.

Ni dai Hala nake so. Tsohuwar zuma, in ji Bahaushe, da ita ake magani.