Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Neman Tsarin Atisayen Ironman

A cikin wasannin juriya da duniya ta sani, kaɗan ne suka kai gasar Ironman cin rai. Ɗan wasa zai yi ninƙaya ta kilomita 3.8, ya fito ya hau keke ya ci kilomita 180, sannan ya sauka ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42.2, duka a rana guda, kuma a mafi yawan wurare cikin sa'o'i 17. An fara ta a tsibirin Oahu na Hawaii a 1978 da mutum 15. Mutum 12 suka kai ƙarshe, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin sa'o'i 11 da minti 46. A nahiyarmu ana yin ta a birnin Gqeberha na Afirka ta Kudu, wanda a da ake kira Port Elizabeth. Ita na sa a gaba, ina mai shekara 40 da ɗoriya, domin in ba jikina haƙƙinsa kafin kujerar ofis ta gama da shi.

Niyya ba ta yi mini wuya ba kamar zaɓen tsarin atisaye. Tsare-tsaren sun yi yawa a littattafai da intanet, kowanne na cewa shi ne gangariya. Sai na yi musu abin da nake yi wa kundin ɗalibi: na tambayi hujjar kowanne, da kuma wanda aka rubuta shi dominsa.

Kan hujja, na tarar nagartattun cikinsu sun haɗu a kan abu uku. Na farko, ana gina jiki daki-daki. Littafin Don Fink, Be Iron Fit, ya raba shirin zuwa mako 30: goma na aza harsashi, goma na ƙara nauyi, goma na kaiwa ƙololuwa, tare da sassautawa a makonnin ƙarshe domin jiki ya murmure. Na biyu, yawancin atisaye a hankali ake yin sa. Masanin motsa jiki Stephen Seiler, wanda ke aiki a Norway, ya lura cewa manyan 'yan wasan juriya suna yin kimanin kashi 80 cikin 100 na atisayensu cikin sauƙi, ta yadda mutum zai iya hira yana gudu, kashi 20 ne kawai suke matsa wa kansu. Na uku, hutu ɓangare ne na aikin, domin a lokacinsa ne tsoka ke gyaruwa. Duk tsarin da na ga ya cika da matsi kullum, babu ranar hutu, na ajiye shi gefe.

Tambaya ta biyu ta fi muhimmanci, domin kayan aro ba ya rufe katara. Marubutan nan sun ɗauka cewa mai karatunsu yana da wurin ninƙaya kusa da gida, da titin da keke ke da daraja a kansa, da yanayi mai sanyi. A nan Arewa, zafin bazara yakan haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙurar da ke toshe ƙirji. Saboda haka na mayar da doguwar tafiyar keke bayan sallar Asuba, a hanyoyin bayan gari da motoci ba su cika bi ba. Madatsun ruwa da kududdufai kuwa na haramta wa kaina su, saboda cutar tsargiya. Gara in biya kuɗin wurin ninƙaya na otal sau uku a mako. Ninƙayar ce ma na fi ba kulawa, domin yawancin mace-macen da ake samu a irin wannan gasa a ruwa suke faruwa, kuma wanda bai fito ba cikin sa'o'i 2 da minti 20 an cire shi. Iya ruwa fid da kai. Wannan ne ya sa na fara da ganin likita, aka auna jinina aka duba zuciyata, kafin in sayi ko takalmi.

Sai batun azumi, wanda babu tsarin da na karanta da ya ambace shi. Na ƙara mako huɗu a kan mako 30 ɗin, na ware watan Ramadan ya zama na riƙe abin da aka samu: gajeren gudu bayan tarawihi, babu doguwar tafiya. Haka nan abinci. Ana so mai irin wannan gasa ya riƙa samun giram 60 zuwa 90 na sinadarin ƙarfi a kowace sa'a. Dabino da ayaba suna yi mini wannan aiki, tare da ruwa mai ɗan gishiri, tunda shan zallan ruwa da yawa yana iya tsinka gishirin jini har ya kai ga hallaka.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne lokaci. Idan shiri ya yi nisa, yana cin sa'o'i 12 zuwa 15 a mako, kuma kowace sa'a daga hannun wani aka karɓo ta: uwargida, ko yara, ko ɗaliban da ke jiran a duba musu aiki. Na zauna da iyalina muka duba jadawalin tare, na kuma ɗauki matsakaicin tsari, wanda burinsa kammalawa lafiya. Kafin babbar gasar zan gwada rabinta, wato kilomita 1.9 a ruwa, 90 a keke, 21.1 a ƙafa.

Shawarata ga mai sha'awa ita ce ya fara rubuta sa'o'in da yake da su da gaske a mako, bayan ibada da aiki da iyali sun ɗauki nasu, sannan ya nemi tsarin da zai shiga cikinsu. Idan ya zaɓa, ya tsaya a kansa. Matsakaicin tsarin da aka bi har ƙarshe ya fi ƙasaitaccen da aka yasar a mako na shida.