Mai Son Hannunsa Ya Faɗa Da Rubutu Ya Aika Wa Jarida

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sam mini ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta, tun ba na ƙasarmu ta Birnin Gwari ba.

Mu akawuna kullum alƙalami na hannunmu, amma kaɗan ne cikinmu suka iya rubutu. Kada kowa ya ji haushi. Takardar ofis wa ke karanta ta? Shugabanka ne, wanda ya riga ya san maganar tun ba ka zauna ba. Ko ka bar rabin zance a baya, shi zai cike da kansa. Ta haka mutum kan shekara goma yana juya jimla guda, yana tsammani ya gwanance. A makarantar mishan da na yi an hore mu da kyan hannu da tsabtar takarda, na kuwa gode, amma kyan hannu dabam, iya zance dabam.

Maganin da na gani shi ne mutum ya riƙa aika rubutunsa ga jaridar da ba tasa ba, wurin editan da bai san shi ba, bai san ubansa ba, balle ya ji nauyinsa.

Ba sabon abu na kawo ba. Ku dubi maƙwabtanmu na Kagara. A 1933 aka sa gasar rubuta littattafan Hausa ta hannun Dokta East a Zariya. Malam Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana koyarwa a Midil ta Katsina a lokacin, ya aika da Ruwan Bagaja. Wansa Malam Bello Kagara ya aika da Ganɗoki, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma da Shaihu Umar. John Tafida na Wusasa, ɗan makarantar mishan irina, shi da East suka fitar da Jiki Magayi. Duk cikinsu ba wanda ya ɓoye takardarsa a akwati. Sun miƙa wa wani ya duba, ya soke, ya gyara. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, Imam ɗin nan ne ya zama editanta, wasiƙun jama'a suka koma bi ta hannunsa. Da ya tsaya yana karanta wa abokansa kaɗai suna yaba masa, wa zai san shi a Zariya?

Ga yadda abin ke koyarwa. In za ka aika, ka ajiye kwafi. Ran da jarida ta fito, ka shimfiɗa su biyu a kan tabarma ka gwada layi da layi. Abin da edita ya yanke shi ne darasinka, kuma kyauta. Sau da yawa za ka tarar doguwar shimfiɗa ce ya cire, ko jimlar da ka fara tunaninta da Turanci sa'an nan ka sa mata rigar Hausa, wadda ita ce babbar cutarmu mu akawuna. Za ka ga ya mayar maka da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ inda ka yi sakaci, don kada a karanta baƙi a ce baki. Ƙarancin fili kuma malami ne mai tsanani: wanda aka ba rabin shafi tilas ya san abu guda da yake son faɗi.

Amma babban malami shi ne mai karatu na nesa. Mutumin Sakkwato ko Maraɗi bai san Kusasu ba, bai san Kuyello ko Randagi ko Dogon Dawa ba. In ka ce masa "abin ya faru a daji," ba ka faɗa masa kome ba. Wane daji? Na Kamuku ne, wanda aka mai da gandun ƙasa a 1999, ko wani? Yaushe? Mutum nawa? Kai ka gani ko ji ka yi? In ka yi kuskure kuwa, wani malami zai amsa maka a mako na gaba a gaban jama'a, ba kuma za ka sake yin irinsa ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Shekarun da 'yan bindiga suka tare hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, duniya ta ji sunanmu, amma yawanci daga bakin waɗanda ba su taɓa kwana a nan ba. Gawa aka ƙidaya, ba a rubuta gonar masarar da aka bari ta koma saura ba, ko makarantar da aka rufe. A 2024 aka yi sulhu aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari. Manomi nawa ne ya koma gonarsa, nawa ake sayar da buhu, yara nawa suka koma aji? Mu ne muka san amsa, mu ne kuma muka yi shiru.

Na san wani zai ce akwai tsoro, kuma gaskiyarsa. Ba na ce a ambaci sunan kowa ba, ko a nuna gidan da zai shiga uku saboda wasiƙarka. Ka rubuta abin da idonka ya gani, ka roƙi edita ya sakaya sunanka. Wani kuma zai ce ba a biya. Haka ne, amma mun biya kuɗin makaranta shekara da shekaru kafin a sami mai gyara mana jimla.

Roƙona gare ka, Edita, in ka ƙi buga wasiƙar wani daga cikinmu, ka daure ka sa layi ɗaya a gefen shafi ka faɗi dalili, don ya san inda zai gyara ya sake aikowa.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Birnin Gwari.