Gidan sinima marar rufi

A shekarun 1970, baƙauyen da ya kwana a Maraɗi, Damagaram ko Tawa yakan ji labarin gidan sinima. Fili ne babba, kewaye da katanga, babu rufi. An shafe bango ɗaya da farar ƙasa, nan hoto yake fitowa. Don haka ba a farawa sai duhu ya yi. Da damina kuwa, in hadari ya taso, kowa ya yi ta kansa.

Masu kuɗi suna baya bisa kujeru. Talakawa da yara suna gaba bisa benci, wuya a ɗage. Amma a gaban nan daɗin yake. Fim ɗin Indiya ne ko na kaboyi, yawanci ba mai jin harshen. Wanda ya gani jiya shi ke fassara wa na kusa da shi. In mugu ya laɓe, sai fili ya ɗauki ihu, ana gargaɗin jarumi kamar yana ji. In fim ya tsinke, mai inji ya sha zagi.

Mustafa Alasan, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya lura da wannan. A 1966 ya yi fim bisa samarin ƙauye da suka sa hular kaboyi, suka hau dawaki, suka dami gari.

Yau galibin gidajen nan sun rufe. Samari suna kallo cikin salula, kowa da tasa.